Ƙarancin ruwa ko yawan dabbobi? Tambayoyi da amsoshi kan lalacewar filayen kiwo a ƙasar Kano

Da zarar bazara ta kankama, damin harawa ya yi tsada a bakin titunan birni, sai tsohuwar gardama ta dawo majalisun Kano. Wannan ya ce shanu ne suka cinye daji har ƙasa ta mutu. Wancan ya ce ruwan sama ne ya sauya hali, ko babu saniya ko ɗaya daji zai ƙone. Kowa da gaskiyarsa, sai dai akwai abu na uku da ba a cika kawowa ba, kuma a ƙasar Kano shi ya fi ɓarna: filin da dabba za ta kewaya kullum ƙara tsukewa yake. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin.

Ai kowane rani daji bushewa yake yi. Ta yaya za a gane fili ya lalace?

Ba da rani ake ganewa ba. A watan Afrilu, fili mai lafiya da marar lafiya duk kamanninsu ɗaya, ƙura da karmami. A jira damina mai albarka, a koma wurin a ƙarshen Agusta. In ciyawa ta rufe ƙasa har ba a ganin sawu, ƙishirwa ce kawai ta dame shi. In kuwa ruwa ya wadata amma wurin yana nan tsirara, ko abin da ya fito ba abin da dabba za ta ci ba ne, to an samu matsala.

Lalacewar ba rana ɗaya take zuwa ba. Gamba ce ke fara tafiya, domin ita saiwarta ke kwana a ƙasa shekara da shekaru, dabbobi kuma suna son tohonta. Sai a bar ciyayi masu rayuwar damina ɗaya irin su kyasuwa da harkiya da gude-gude. In matsi ya ci gaba, ƙarangiya ta yi yawa. Ita ma ba abin rainawa ba ce, shanu na cinta sosai kafin ta yi ƙaya. Amma ranar da ka ga fili ya koma tafasa da garmani da tumfafiya, kore shar ga mai wucewa a mota, tambayi Bafulatani ka ji: zai ce maka wurin ba komai. Daga nan sai fako. Zuba ruwan buta a kan fako ka tsaya ka gani. Ruwan ba zai nutse ba, zai kwanta yana ƙyalli, sannan ya nemi gangare. Saman ƙasar ya daskare ya yi ɓawo, iri ba ya samun inda zai maƙale. Ruwan da ya kasa shiga nan shi ne yake haɗuwa a gaba ya tsaga kwari.

Wai ruwan Kano raguwa yake yi?

Hawa da sauka yake yi, kuma ya daɗe a haka. A birnin Kano, matsakaicin ruwan shekara yana tsakanin milimita 800 zuwa 900, kusan duka daga Yuni zuwa Satumba, Agusta ne watan malka. Kudancin jiha, wajen Doguwa da Tudun Wada, ya fi samu. Arewa, wajen Dambatta da Makoda da Kunchi, ya fi ƙaranci. Amma wannan lissafin na takarda ne, shekarar da ta faɗo daidai kansa ba ta da yawa. Ruwa ya ƙi zuwa a 1913, aka yi yunwar Kakalaba a 1914. Shekarun 1950 sun yi ruwa sosai. A 1973 Kano ta samu kusan rabin abin da ta saba. Aka sake shiga fari a 1983 da 1984, ga kuma annobar bushiya da ta yi wa garkuna kaca-kaca a daidai wannan lokaci. Shekara huɗu bayan haka, a Agustan 1988, ruwa ya yi yawa har madatsar Bagauda ta ɓalle.

Ga ciyawa, yadda ruwan ya rarrabu ya fi jimlarsa muhimmanci. A ce an yi ruwa mai ƙarfi a tsakiyar Mayu, irin ciyawa da ke kwance a ƙasa ya tsiro, sai sama ta ɗauke mako uku. Tsiron ya ƙone. Manomi zai sayo iri ya sake shuka, daji kuwa ba mai sake masa shuka, sai ɗan irin da ya rage bai farka ba. In aka yi haka sau biyu a damina ɗaya, ko ruwa ya zo daga baya kamar da bakin ƙwarya, ciyawar shekarar ba za ta yi kauri ba.

Wani abin lura kuma, ruwan da ya dawo bayan shekarun fari ba irin na da ba ne. Binciken da masana daga Ingila suka jagoranta, wanda aka buga a 2017, ya nuna manyan hadura masu zubar da ruwa lokaci guda sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Irin wannan ruwan yana cika ma'auni, yana rushe katanga a cikin gari, amma a kan ƙasar da ba ta da rufi yawancinsa wucewa yake yi, ya tafi da ƙasar sama.

To tsakanin ruwa da kiwo, wanne ya fi laifi?

Ya danganta da wurin. Masana kiwo sun daɗe suna ɗauka cewa kowane fili yana da adadin dabbobin da zai iya ɗauka, in an wuce shi ƙasa ta mutu. A 1988 wasu Amurkawa biyu, Jim Ellis da David Swift, bayan shekaru suna aiki da makiyayan Turkana a Kenya, suka ce wannan lissafi ba ya aiki a inda ruwa ba shi da tabbas. Hujjarsu mai sauƙi ce. A inda ruwan bana kan sha bamban da na bara da kusan kashi ɗaya cikin uku ko fiye, fari yakan kashe dabbobi tun kafin dabbobi su kashe ƙasa. Garke ya ragu, ruwa ya dawo, ciyawa ta miƙe cikin damina ɗaya ko biyu, garke kuwa sai ya yi shekaru kafin ya koma yadda yake. A irin wannan wuri, kamar arewacin Nijar, ruwa ne ke da magana.

Kano ba haka take ba, kuma a nan ne masu ɗora komai a kan fari suke kuskure. Ruwanmu ya fi na can yawa da tabbas. Sannan dabbobinmu ba sa mutuwa yadda na can suke mutuwa, saboda akwai dusa da harawa da ƙowa da angurya a kasuwa, akwai rijiyar burtsatse, akwai allura. Wannan alheri ne ga mai dabba. Amma ma'anarsa ita ce garken da ya tsallake fari da abincin saye, shi ne zai sauka gaba ɗaya a kan ɗan tsiron farko, lokacin da ƙasa take buƙatar hutu. A ganina ruwa ne yake yanke yawan ciyawar kowace shekara, amma ko fili zai farfaɗo bayan mummunar shekara ko ba zai farfaɗo ba, wannan yana hannun mutane.

Akwai ma wani dalilin bayan waɗannan biyu. Masu bincike daga Holan da Mali sun nuna tun 1982 cewa in ka bar bakin hamada ka gangaro inda ruwa ya ɗan fi yawa, abin da ke tauye ciyawa galibi rashin ƙarfin ƙasa ne, ba ƙishirwa ba. Filayen da aka bar wa dabbobi a ƙasar Kano kuwa yawanci waɗanda noma ya ƙi ne: marmara, tsakuwa, gefen kwari.

Gaskiya ne hamada tana tunkaro Kano?

Wannan magana ta girmi yawancin masu yinta. Wani Baturen gandun daji, E. P. Stebbing, ya zagaya arewa a 1934 da rani, ya koma ya rubuta cewa Sahara na gab da cinye ƙasar. Ingila da Faransa suka tura kwamitin haɗin gwiwa a 1936 zuwa 1937 ya bi kan iyakar Najeriya da Nijar, bai ga hamadar da ke tafiya ba. Bayan farin 1973 wani masanin yanayi, Jule Charney, ya ce kiwo ne ke tsiraita ƙasa har ya kori hadari. Daga baya, a 2003, binciken Alessandra Giannini da abokan aikinta ya nuna sauyin zafin tekuna ne babban abin da ya jawo farin. Hotunan tauraron ɗan'adam kuma sun nuna iyakar kore tana sauka kudu a shekarar fari, ta koma arewa a shekarar ruwa.

Ba ana cewa babu matsala ba. Tudun rairayi masu binne gonaki da dausayi suna nan a arewacin Yobe, wajen Yusufari. Amma ciwon Kano daga ciki yake tsirowa, tabo-tabo: bakin mashaya, gefen gari, inda aka sare itace, inda tifa ta kwashi yashi. Mai jiran ganin rairayi ya taho daga Zinder zai bar fako yana faɗi a bayan gidansa.

Ta wace hanya kiwo yake cutar da ƙasa?

Lokaci da daɗewa sun fi adadi illa. Saniya mai nauyin kilo 250 tana buƙatar busasshiyar ciyawa kimanin kilo 6 a rana, wato sama da tan 2 a shekara, kuma ba duk abin da fili ya fitar ne ke shiga cikinta ba: wani a tattake, wani gara ta ci, wani iska ta kwashe. In garke ya ci ya wuce, ciyawa na tohowa. In ya zauna yana maimaita wuri ɗaya tun daga tsiro har lokacin fitar da kai, ciyawar ba za ta zubar da iri ba, baɗi kuma sai abin da dabba ta ƙi ya gaje wurin.

Kiwon rani a kan busasshiyar kyasuwa ba ya kashe ta, ta riga ta zubar da iri ta mutu. Illarsa sai in an share komai har yayi, ƙasa ta kwana tsirara iskar bazara ta same ta. Kofato a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa mai laka yana danne ta. Sassabe rassan gawo da marke da kirya domin dabbobi, in an yi da hankali itacen na tohowa, in an yi masa aski kowace shekara sai ya bushe a tsaye.

Akuya fa? An ce ita ce uwar ɓarna.

Ɓarnarta a kan ƙananan itatuwa take, tana cinye su kafin su fi ƙarfin bakinta. Amma sau da yawa ita ce kawai ke iya rayuwa a filin da ya riga ya mutu, sai a gan ta a wurin a ce ita ta kashe shi.

Akwai wani amfani da dabbobi ke yi wa ƙasa?

Ƙasar Kano ce ma shaida. Karkarar da ke kewaye da birni tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma, ana noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, amma ba ta mutu ba. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin wannan. Sirrin ba ɓoyayye ba ne ga ɗan ƙauye: a ɗaure tumaki da awaki da damina, a ciyar da su ciyawa da harawa, a kwashe takin a kai gona, jakuna su fito da toka da shara daga birni, a bar gawo a tsakiyar gona, ya zubar da ganye da damina, ya ba da inuwa da 'ya'ya da rani. Da kaka kuma manomi da kansa yake roƙon Ardo a sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar taki, har ya haɗa da damin gero. Wannan ciniki ne ya yi rauni, tun da kara da harawa suka zama kuɗi.

Me ya hana makiyaya su zauna wuri ɗaya?

Duk mazaunin Kano ya san a yi ruwa a Sharaɗa har kwata ta cika, mutumin Kurna yana shanya. Haka yake a daji, sai dai faɗin ya fi. Ciyawa tana bin hadari, makiyayi yana bin ciyawa. Da damina a yi arewa, a bar wa manoma gonakinsu, a guje wa ƙudan tsando da laka. Da kaka a dawo a ci kara. Da rani a gangara fadama ko a yi kudu. Wannan tafiya ita ce hutun ƙasa, domin kowane wuri yana samun watannin da ba kofato a kansa.

Yanzu duba abin da ya faru da hanyar. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe dazukan kiwo a 1965. Ana lissafa irin waɗannan dazuka 415 a Najeriya, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka tabbatar da su a hukumance, sauran suna nan ga mai ƙarfi ya yanka. Burtalin da garke ke bi a sake, gona ta ci daga dama, gona ta ci daga hagu, wani wurin ma an toshe shi da gini. Fadamun da suke mafakar rani sun koma shinkafa da tumatur da alkama. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 ta raya noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, ba mai musun amfaninta, Challawa kuma ta biyo baya a 1992. Amma ambaliyar da ke shayar da dausayin Haɗeja da Nguru, inda garkuna masu yawa ke cin rani, ta ragu, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. Dazukan Zamfara da Katsina da Birnin Gwari kuwa rashin tsaro ya kori masu kiwo na gaskiya daga cikinsu. Dabbobin ba su ɓace ba. Sun taru ne a ɗan abin da ya saura, irin gefen dajin Falgore, suna zama wata da watanni a inda a da kwana kaɗan suke yi.

Mu da muke cikin birni, mene ne namu a ciki?

Da yawa. Itacen da ake sauke wa masu gidan burodi da masu tuwo-tuwo, da buhunan gawayin da kowa ya koma wa duk lokacin da gas ya yi tsada, daga dajin da shanu ke kiwo suke fitowa. Fulotan da ake yankawa a Ungogo da Kumbotso da Gezawa da Dawakin Kudu, wasu hurumi ne, wasu burtali, wasu gonaki ne da masu su za su je su sari sabon daji. Yashi da burjin gininmu daga bakin kogi da tudun kiwo ake haƙo su.

Sai harawa. Mai kiwon rago biyu a soro domin layya ba ya jin yana da alaƙa da daji. Amma tsaya wajen masu harawa ka ga yadda ake sauke ta daga a-kori-kura, dami a kan dami, ta wake daban ta gyaɗa daban, mai saye yana cusa hannu ciki ya ga ko ganyen bai kakkaɓe ba. Kowane dami daga wata gona aka kwaso shi. Abin da a da zai koma wa gonar a matsayin taki, yanzu yana ƙarewa a kwatar birni, makiyayin da zai ci karan kuma an tura shi kan fako. Ba haramun ba ne, sana'a ce mai kyau. Abin da ya kamata shi ne takin turken ya koma ƙauye, kamar yadda kakanni suke yi da jakuna. Leda kuma a tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbin shanu.

Me zai hana a hana yawon kiwo, a killace dabbobi?

Jihar Binuwai ta yi dokar hana kiwon sake a 2017. A Kano gwamnatin Abdullahi Ganduje ta fara gina matsugunin makiyaya a dajin Dansoshiya da ke Ƙiru. Killacewa tana da wurinta: shanun madara kusa da birni, kiwon turke na watanni kaɗan, duk inda kuɗin nono ko nama zai biya kuɗin abinci da ruwa. Amma waya ba ta sa hadari ya tsaya a kanta. A Senegal, a wani wuri da ake kira Widou Thiengoly, an gwada tun 1981: aka kewaye fili, aka ƙayyade yawan shanu. Shekarar fari ciyawar ciki ba ta isa ba, shekarar ruwa ta yi yawa ta kwanta ta danne sabon tsiro. Wanda zai ce a killace, ya fara faɗin inda abincin watan Afrilu da Mayu zai fito, da wanda zai biya.

Ƙona daji yana gyara ko ɓatawa?

A nan arewa, inda yawancin ciyawa ta damina ɗaya ce, wuta asara ce kawai: abincin rani ya tafi, ƙananan itatuwa su mutu, ƙasa ta tsiraita. A kudu inda gamba take da yawa ne ake ƙonawa da wuri domin toho. Wutar da 'yan farauta ke sakawa domin gafiya da zomo ba ta da wani uzuri.

Fako yana iya dawowa?

Yana dawowa, in an fasa ɓawon an tare ruwan. Maƙwabtanmu na Nijar sun ƙware a wannan. Ana haƙa rami mai siffar rabin wata, bakinsa yana kallon inda ruwa ke gangarowa, a tara ƙasar a bayansa, a zuba taki, a watsa irin ciyawa. Ko a yi tassa, ƙananan ramuka da ɗan taki a kowanne. Gara ta biyo takin ta huda ƙasa, ruwa ya bi ramukanta. A Maraɗi kuma tun 1983 Tony Rinaudo da manoman yankin suka fara sassaben zamani: maimakon a dasa sabon itace, a bar kututturen sabara da kalgo da gawo da ke tohowa, a rage rassan a bar masu ƙarfi. An ƙiyasta fili hekta miliyan 5 ne ya sake yin itatuwa ta haka a kudancin Nijar.

Kuɗi ma ba a rasa ba. Kano na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Katangar Itatuwa, tana kuma cikin shirin farfaɗo da ƙasa na ACReSAL da Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 700 a 2021 domin jihohin arewa 19 da Abuja. Inda gizo ke saƙar shi ne tsaro bayan an dasa. Filin da aka gyara yana buƙatar damina biyu ko uku ba dabba a kansa, wannan kuwa ba ya yiwuwa sai mai unguwa da Ardo da manoma sun zauna sun yarda da wanda zai tsare, da inda dabbobi za su koma kafin nan, da wanda zai yanki ciyawar in ta fito. Dashen da aka yi ranar biki aka ɗauki hoto aka watse, kafin hunturu awaki sun gama da shi.

Malam, ni mai 'yan shanu ne a bayan gari. In an ce damina za ta yi gardama, me zan yi?

Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da lokacin da ake sa ran faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa, gidajen rediyo kuma suna kawowa da Hausa. Hasashe ne, sani na Allah, amma ya fi zaman jira. Abin da aka gani a kowane fari shi ne farashin dabba yana faɗuwa daidai lokacin da na hatsi ke tashi: ramammen sa a Wudil ko Dambatta ba ya sayen rabin buhunan da zai saya a Dawanau da an sayar da shi watanni uku baya. Don haka a fitar da tsofaffi da bijimai tun suna da jiki, a riƙe shanun haihuwa. A yanki kyasuwa tun tana ɗanya kafin ta yi kai, a shanya a inuwa, a ɗora a kan rumfa, domin ingiricin da aka yanka bayan ya bushe a tsaye cika ciki kawai yake yi. A sayi dusa da harawa da kaka, ba a watan Mayu ba. In akwai gona, a sa waken da ke ba da ƙwaya da harawa tare, irin wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Kano ta daɗe tana fitarwa. In ruwan farko ya sauka kuma, a ƙara haƙuri da turke mako biyu ko uku, har tsiron ya yi saiwa.